Tambaya da Amsa: Yaya Jiki Ke Kwafar DNA Ba Tare da Tafka Kurakurai Ba?

Tambaya: Assalamu alaikum. Malaminmu na kimiyyar halittu ya ce duk lokacin da ƙwayar halitta za ta rabu gida biyu, sai ta kwafi DNA ɗinta baki ɗaya. Ta yaya ake kwafar abu mai yawa haka, ba a cika shi da kurakurai ba? Daga wata ɗaliba a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar uwa. DNA rubutu ne da haruffa huɗu, A, T, G da C, waɗanda ke jere a kan zare biyu masu fuskantar juna, kuma ƙa'idarsa ita ce A ta haɗu da T, G kuma ta haɗu da C. A ƙwayar halitta guda ta ɗan Adam akwai irin wannan haɗi kusan biliyan 6, kuma harafi ɗaya ba abin rainawa ba ne, domin ciwon sikila da ya addabi gidajenmu ya samo asali ne daga T da ta zauna a gurbin A.

Enzaim, wato furotin mai gudanar da aiki a cikin ƙwayar halitta, wanda ke bin tsohon zare yana haɗa sabo harafi bayan harafi, shi ne DNA folimares, wanda Arthur Kornberg ya gano a Amurka a 1956. Yakan ɗauko harafin da bai dace ba kusan sau ɗaya cikin 100,000, kuma da za a bar shi haka, da kowace rabuwa ta zo da dubun dubatar kurakurai. Abin da ya fi burge ni shi ne cewa shi da kansa yake duba aikinsa tun bai wuce gurin ba. Idan harafin da ya sa bai yi daidai da abokin haɗinsa ba, bakin sabon zaren ba ya zama daram, sai folimares ya kasa ci gaba, bakin zaren ya zame zuwa wani ɓangare na jikin enzaim ɗin wanda aikinsa yanka ne, a cire harafin, sannan zaren ya koma mazauninsa aiki ya ci gaba. Haka tela ke yi idan ɗinki ya kauce: ya tsayar da keke, ya farke wurin, ya sake bi. Kornberg da Douglas Brutlag ne suka nuna wannan a 1972, kuma yana rage kuskure kusan ninki 100.

Abin da ya kuɓuce, wasu enzaim na daban ne ke bin sawu su gano shi, su yanke guntun sabon zaren a sake cike gurbin. Binciken wannan mataki ne ya ba Paul Modrich kyautar Nobel a 2015. Bayan duka wannan, kuskure ba ya wuce kusan ɗaya cikin biliyan. Wanda ya gaji tawaya a wannan mataki na ƙarshe, wato abin da likitoci ke kira ciwon Lynch, yana cikin haɗarin kamuwa da sankarar hanji tun da sauran ƙuruciya, shi ya sa ake ba shi shawarar fara gwajin hanji da wuri.