Hukuncin Sanya Ƙwan Zenon a Fitilar Motar da Aka Ƙera da Halojin

TAMBAYA

Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ni direba ne a Garwa, ina jigilar fasinja da kaya tsakanin Garwa da Marwa, kuma yawanci dare kan yi mini a hanya. Motar tawa ce, tsohuwar Toyota, fitilarta halojin ce mai haske ruwan ɗorawa. Tun bara hasken ya daina isata, sai na zo dab da rami ko jaki nake gani. Mai gyaran wutar mota ya ce zai sa mini zenon, wato ƙwan fitila mai farin haske mai ƙarfi, ba sai an canza gidan fitilar ba, ƙwan kawai za a cire a sa sabo da ɗan akwatinsa. Abokina ya sa, ya ce dare ya zame masa rana, sai dai masu tahowa suna ta yi masa walƙiya ko da yana kan kod, wato ƙaramar wuta. Wani ɗalibin ilimi ya ce mini babu komai, tunda mota tawa ce kuma haske ba ya bugun kowa. Mu ma manyan motoci haka suke kashe mana ido. Mene ne hukunci?

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya tsare hanya, ya yi wa sana'a albarka.

Zenon a kan kansa halal ne, babu mai jayayya. Motar da ta fito daga kamfani da shi, ko wadda aka canza mata gidan fitila dungurungum da irin wanda aka ƙera don zenon, aka saita shi, mai ita ba shi da laifi. Da tambayarka a nan ta tsaya, da na ce maka je ka sa.

Amma ka faɗi magana ɗaya da ta juya hukuncin: ba za a canza gidan fitilar ba. Sannan ka kawo shaidar da kanka, cewa ana yi wa abokinka walƙiya alhali yana kan kod. Sanya ƙwan zenon a cikin gidan halojin mai kwano, a hau titin jama'a da shi da dare, bai halatta ba, domin cutarwar tabbatacciya ce, kai kanka ka gan ta kafin ka kashe ko sisi.

Na tsaya na fahimci abin daga masu aikin kafin in yi magana, don ba a yanke hukunci a kan abin da ba a san yadda yake ba. Ƙwan halojin yana da ɗan siririn zare da ke yin ja ya ba da haske, kuma kwanon da ke bayansa an auna shi daidai da wurin da zaren nan yake zaune, ta yadda idan kana kan kod hasken zai yanke a wani layi, ya zuba a kwalta, bai hau idon mai tahowa ba. Zenon ba shi da zare. Tartsatsin wuta ne ke tsallake tsakanin ƙarfe biyu a cikin iskar gas, siffarsa daban, mazauninsa daban. Idan aka cusa shi a kwanon da ba nasa ba, layin nan ya lalace, haske ya warwatsu sama da gefe. Ga shi kuma ya ninka ƙarfi: halojin mai wat 55 yana ba da lumen, wato ma'aunin yawan haske, kusan 1,000 zuwa 1,500, zenon mai wat 35 yana kaiwa wajen 3,000. Shi ya sa abokinka yake kan kod, na gabansa yana ganin kamar babbar wuta ya kunna. A Turai, inda aka fara sa zenon a mota a 1991, ƙa'idarsu ta ce fitilar kod da ta wuce lumen 2,000 sai an haɗa ta da abin wanke gilashi da abin da ke daidaita tsayin haske da kansa. Ka duba hikimar, ka dubi aikinka. Kana loda buhuna a but da mutane a baya, gindin mota ya zauna, hancinta ya ɗaga, hasken ya tashi sama. Ƙurar hunturu kuma ta lulluɓe gilashin tun kafin ka wuce Pitowa da ke kusa da Garwa. Abubuwa biyun da suka yi wa tanadi su ne halin da kake ciki kullum.

Hadisin hana cuta da cutarwa da ke cikin Muwaɗɗa kowa ya san shi. Wanda ya fi kusa da mas'alarka shi ne na Abu Musa al-Ash'ari a Bukhari da Muslim, inda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarci wanda zai ratsa masallaci ko kasuwa da kibau ya riƙe tsininsu kada ya ji wa wani Musulmi. Kibiyar tasa ce, halal ce, bai yi niyyar harbin kowa ba, duk da haka aka ɗora masa kiyayewa saboda wuri ne na jama'a.

Yanzu ga maganar ɗalibin nan, kuma zan ɗan daɗe a kanta domin ba shi kaɗai ke faɗinta ba. Tana da tushe a littattafai. An ruwaito daga Imam Abu Hanifa, haka kuma a wajen Shafi'iyya, cewa ba a hana mutum sarrafa mallakarsa yadda aka saba ko da maƙwabci ya ji ba daɗi. Sai dai ɗalibin ya ɗauko ƙa'idar daga mazauninta ya kai ta inda ba ta zuwa. Malaman nan suna magana ne a kan mutumin da ke cikin gidansa ko gonarsa, ya gina tanda ko ya haƙa rijiya. Kai motar ce taka, titin da ya tashi daga Ngaundare ya bi Garwa da Marwa har Kuseri ba naka ba ne, kuma hasken ba a cikin motarka yake tsayawa ba, a idon wani yake sauka. Su Hanafiyya da kansu, da suka zo babin hanya, cewa suka yi wucewa ta hanyar jama'a halal ne da sharaɗin kuɓutar mutane. Haka yake a Majallatul Ahkam, kundin hukunce-hukuncen da Daular Usmaniyya ta Turkiyya ta tsara a kan mazhabarsu, a sashe na 926. Ko a cikin mallakar ma, kundin ya ce ana hana mai ita idan cutarwar ta yi muni. To wanda aka jingina masa maganar bai faɗe ta a irin wannan wuri ba.

Mu kuwa da muka tashi da Risala da Muwaɗɗa, abin ya fi sauƙi. Imam Malik ya ce wanda ya haƙa rijiya a hanya, ko ya ɗaure dabba, ko ya yi makamancin haka a hanyar Musulmi daga abin da bai halatta ya yi ba, lamunin abin da ya faru a kansa yake. Ka lura, mai haƙa rijiyar bai ture kowa ba, wataƙila yana gida yana barci lokacin da mutumin ya faɗa. Saboda haka cewa haske ba ya bugun kowa ba hujja ba ce. Shari'a ta san mai aikata ɓarna da hannunsa, ta kuma san wanda ya zama sanadi. Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya, a zamanta na takwas a Burunai a 1993, ta fitar da matsaya a kan haɗurran mota: bin dokokin hanya da ba su saɓa wa shari'a ba wajibi ne, kuma idan mai aikatawa da mai sanadi suka haɗu, alhaki na kan mai aikatawa, sai fa idan mai sanadin ne ya ƙetare iyaka shi kuwa mai aikatawar bai ƙetare ba. Ɗauki mai babur da ke tahowa daga Figil da matarsa a baya, yana kan hannunsa, yana gudu daidai, haskenka ya rufe masa ido ya faɗa wa amalanke. Wa ya ƙetare iyaka? Mota mai gudun kilomita 80 a awa tana cin fiye da mita 22 a kowace daƙiƙa. Direban da idonsa ya ɗauke na daƙiƙa uku ya yi tafiyar kusan mita 70 a makance, a hanyar da ke da shanu da masu keke marasa fitila da motocin auduga. Idan rai ya salwanta kuma aka tabbatar haskenka ne sanadi, maganar diyya da kaffarar azumin wata biyu a jere za ta iya hawa kanka, gwargwadon abin da alƙali da masana suka gano. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne mai irin wannan fitila yawanci ba ya sanin abin da ya bari a baya. Ya wuce, haɗarin ya faru a duhu, ya isa Marwa ya sha shayinsa. Rashin saninsa bai sauke haƙƙin ba, tunda an sha yi masa walƙiya ana gaya masa.

Wani zai ce ai kowa na yi, jandarma ma ba sa tsayar da mutum a kai. Yawan masu yi ba ya halatta cutarwa, kuma shirun mai tsaron hanya ba yafewar wanda aka makantar ba ce.

Maganarka ta ƙarshe, cewa manyan motoci na kashe muku ido, na ji ɗacinta kuma gaskiya ce, suna da laifi. Amma ka binciki zuciyarka, ɗan'uwa, kada ya zama rabin abin da ke jan ka ga zenon ramuwa ce. Wanda ya haska ka daban, waɗanda za ka haska daban, ɗaruruwan mutane da ba su yi maka komai ba. Ko shi mai laifin, idan ka rufe masa ido alhali yana tahowa da tirela, kai da fasinjojinka ne a gabansa.

Akwai kuma abin da ba ka tambaya ba, ni kuwa shi ya fi tsaya mini. Ka ce tun bara hasken ya daina isarka. Fitilar ce ta canza ko idon? Ba na duba ido, amma raguwar gani da dare da jin zafin hasken mai tahowa suna cikin alamomin farko na yanar ido, ciwon suga ma yana taɓa gani. Ka je asibiti a auna ka kafin ka je garejin kowa. Idan matsalar a idon take, ko fitilar filin ƙwallo ka ɗaura ba za ta magance ba, kuma mutumin da ya san ganinsa ya raunana da dare bai halatta ya ɗauki rayukan mutane ya shiga hanya a duhu ba har sai ya yi magani. Na san abinci ne, na san iyali na jira. Ka sake tsarin lodinka ka riƙa tashi da sassafe, Allah ba zai hana ka rabonka ba don ka kiyaye bayinsa.

Idan ido lafiya, to ka fara da mai sauƙi. Murfin fitilar tsohuwar mota yakan dushe ya yi kalar ƙasa saboda rana, gogewa ko canza shi na dawo da haske mai yawa. Ƙwan halojin yana raunana da tsufa, a canza biyun tare da masu kyau. A duba wayoyi da batir, don wutar da ba ta isa ƙwai sosai tana rage haske ƙwarai. Sannan a saita: ka tsayar da motar a wuri mai daidai, mita 10 daga bango, ka kunna kod, layin hasken ya sauka kamar santimita 10 ƙasa da tsayin fitilar. Ka gwada da lodi, ba da mota fanko ba.

In duk da haka zenon kake so kuma kana da hali, ka sayi gidan fitilar gaba ɗaya, irin mai ƙwallon gilashi a ciki da aka yi don shi, a saita, ka riƙa goge shi a hanya, ka kuma tambayi masu bizit teknik, wato masu duba lafiyar mota, ko ya cika ƙa'ida. Ka zaɓi farin ƙwan da ake rubuta wa 4300K, lambar da ke nuna kalar haske. Masu shuɗin nan na 8000K ado ne, haskensu a kwalta ya fi ƙaranci, a cikin hazo da ruwan sama kuma sun fi wahalar da ido. Akwatin da ke tayar da zenon yana harba wuta sama da bolt 20,000 lokacin kunnawa, don haka kada ka ba yaron gareji ya koyi aiki a motarka, kuma kada ka taɓa shi tana kunne.

Kada kuma ka yi abin da na ji wasu na yi, su mayar da halojin ranar da za a duba mota, su karɓi takarda, su dawo su sa zenon. Wannan algus ne, zunubinsa daban da na cutarwar. Mai gyaran da ya san ƙwan zai makantar da mutane ya sa shi a haka yana da kasonsa na alhaki, kuma wajibi ne ya gaya wa mai mota gaskiya ko da cinikin zai wuce shi. Abokinka ka kai masa wannan amsa cikin mutunci, ya cire ƙwan ko ya canza gidan, kafin nan ya daina tafiyar dare da motar.

Allah shi ne mafi sani.