Tambayi Anti: In kai yarona gidan tsoro na Halloween ko in bari?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti, sannu da ƙoƙari. Ni dai karatu ne ya kawo mu Fulorida ni da maigida, wannan ce shekararmu ta farko, toh tun shigowar Satumba duk inda ka waiga kabewa ce da ƙwarangwal, 'yan ajinmu kuma sun tasa ni gaba wai lallai sai mun je Halloween Horror Nights, wato dararen tsoro da ake shiryawa don bikin Halloween a filin wasannin Universal Studios da ke Orlando. Matsalar yarona mai shekara 9 yaji zancen, kullum sai kuka wai sai an je dashi, babansa kuma yace ai namiji ne gara ya saba. Ni kuma ina da asma, ko fim ɗin tsoro bana iya kallo da dare. Dan Allah me ake yi a ciki ne, kuma da gaske suna kama mutum? Ƙanwarki daga Orlando.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanwata. Bari in fara da yaron tunda shi yafi damuna: kar ki kai shi, ko da zai kwana yana birgima a ƙasa. Su kansu Universal sun rubuta ƙarara cewa basu bada shawarar a zo da yaron da bai kai shekara 13 ba, haka masu wani filin wasannin, Knott's Scary Farm na Kalifoniya, da suka fara irin wannan tun 1973 suma 13 ɗin suka ce, kinga kuwa mutanen da kuɗin tikiti suke nema idan suka ce kar a kawo musu yaro ai sun san abin da suka dafa. Ki faɗa wa maigida cikin ladabi cewa jarumta ba a koya wa yaro ita ta hanyar firgita shi. Babba yana shiga ne da sanin cewa jinin nan fenti ne, mutumin nan kuma ma'aikaci ne da zai wanke fuskarsa ya koma gida, amma yaro ɗan shekara 9 a cikin duhu da ihu ƙwaƙwalwarsa bata tsayawa yin wannan lissafin, ke ce kuma zaki sha fama da shi yana farkawa tsakar dare yana ƙin shiga banɗaki shi kaɗai. Ga shi ana sayar da giya a wajen, dare na yi zaki ga wasu sun fara tangaɗi, sai wajen ƙarfe 2 na dare ake tashi.

Yanzu abin da ke ciki. Universal sun fara abin a 1991 da gidan tsoro guda ɗaya tal na kwana uku, yanzu kuwa a Orlando gidaje 10 suke ginawa a shekarun nan, ana yi daga ƙarshen Agusta ko farkon Satumba har farkon Nuwamba. Gidan tsoron ba wani tsohon gida bane da aka ce da fatalwa, manyan ɗakunan ɗaukar fim ne da tantuna ake yanka su lungu lungu, a ƙawata kowanne da labarinsa, wasu daga finafinan tsoro wasu su suka ƙirƙiro. Kina shiga sanyin AC zai dake ki, duhu, wani wari kamar na ƙasa mai laima ko abin da ya ƙone don har warin fesa shi suke da gangan, zaruruwa na lilo daga sama suna shafar fuskarki, ku kuma kuna tafe a jere ɗaya bayan ɗaya ba tsayawa. Ɗan wasan yana laɓe a wani ɗan loko a bango, da kin zo daidai shi sai ya taka wani maɓalli da ƙafa, fitila ta haska ƙara ta tashi ya faɗo miki da fuskar roba har kina jin hucinsa, kafin ki gama salati ya koma ya ɓuya yana jiran na bayanki. Akwai ma'aikata sanye da baƙaƙen kaya riƙe da ƴar tocila suna cewa a ci gaba da tafiya, idan kika ji ba zaki iya ba su zaki faɗa wa su fitar dake ta ƙofar gaggawa, kuma ba abin kunya bane, kullum ana yi.

Basa kama mutum a Universal, dokarsu ce ɗan wasa baya taɓa baƙo, baƙo ma baya taɓa shi. Sai dai fa ki sani tsoron baya ƙarewa a cikin gidajen, a kan titunan filin ma akwai wuraren da suke cika da hayaƙin inji, 'yan wasa masu injin yankan itace suna yawo suna tayar da shi a bayan mutane. An cire sarƙar mai haƙoran, ƙara ce kawai da warin fetur, amma duk da haka na ga ƙatuwar mace ta yar da jakarta ta zura da gudu, su kuma sun fi bin wanda ya nuna tsoro ko ya sunkuyar da kai yana danna waya.

Wannan hayaƙin shi ne abin da nake ji miki saboda asmarki. Gargaɗin a rubuce yake a ƙofar kowane gida: masu ciwon zuciya, masu hawan jini, masu ciki, masu matsalar numfashi, da waɗanda fitila mai walƙiya ke tayar wa farfaɗiya. Ki fara tuntuɓar likitanki, in kuma ya yarda toh abin shaƙarki ya kasance a aljihu ba a ƙasan jaka ba.

Sai maganar kuɗi, tikitin dare ɗaya yakan fara daga dala 80 da ɗoriya ya haura 100 a daren Asabar, kuma daban yake da tikitin rana. Gida ɗaya minti 4 ko 5 kin fito, amma layinsa a daren da aka cika yana iya cin awa ɗaya da rabi kina tsaye cikin zafin nan na Fulorida mai danƙo, tikitin tsallake layi kuma sau tari yafi na shiga tsada. In zaki je ki zaɓi Laraba ko Alhamis, ki sa takalmi mara tsini, ki sauke manhajarsu don ganin tsawon layi. Ba a barin baƙi su rufe fuska da fuskar roba, hijabinki ba ruwansa da wannan. Ana buɗewa wajen 6:30 na yamma, kenan magariba a can zata same ki, ki tsara sallarki tun daga gida.

Amma ni dai ƙanwata tunda kince ko fim bakya iya kallo, ban ga dalilin da zaki biya wannan kuɗin don 'yan aji su ji daɗi ba. Masu bincike na Jami'ar Aarhus a Denmark sun ɗaura wa mutum 110 na'urar auna bugun zuciya a wani gidan tsoro, sakamakon ya fito a 2020, abin da suka gano shi ne daɗin yana tsakiya ne, tsoro in yayi kaɗan ba armashi, in ya wuce kima kuma daɗin sai ya gudu ya bar wahala zalla. Kowa da inda nasa ma'aunin ya tsaya, naki kuma ke kika san shi. Shi kuwa yaron ku kai shi Universal ɗin da rana ya hau lilo ya more, da ranar ba a tsorata kowa.

TAMBAYA: Anti barka da aiki. Ɗalibi ne ni a Ingila, abokaina zasu Fright Nights, dararen tsoro na Halloween a filin wasannin Thorpe Park. Ni matsalata in aka razana ni hannuna ke fara tashi kafin tunanina. Sannan wani yace min bikin aljanu ne, wai har da su a ciki. Gaskiya ne?

AMSA: Ɗana wannan hannun naka shi ne babban abin dubawa. Waɗanda ke cikin kayan dodannin nan matasa ne irinka, da yawansu ɗalibai masu neman na kashewa, kuma duk shekara akwai waɗanda ake fasa wa baki saboda wani ya firgita ya kai naushi. In ka daki ɗaya za a fitar da kai ba a mayar maka da ko fam ɗaya ba, maganar ma tana iya kaiwa ga 'yan sanda, kai kuma da bizar karatu kake zaune, ka ga ba ƙaramin abu bane. Sannan a Ingila akwai gidajen da aka yarda 'yan wasan su taɓa mutum, saboda haka ka karanta allon da ke ƙofa kafin ka shiga layi. In ka shiga ka dafa kafaɗar na gabanka da hannu biyu kar ka saki, ka shiga tsakiyar abokanka, in kuma kasan ba zaka iya riƙe kanka ba ka tsaya a waje ka riƙe musu jaka.

Batun aljanu kuwa, abin da ke cikin gidajen nan mutane ne da fenti da lasifika da injin hayaƙi, kamfani ne ke neman kuɗi a lokacin da aka koma makaranta kasuwa ta ja baya. Amma shi bikin Halloween kansa yana da asali, daga bikin Samhain yake na mutanen Ailan da Sikotilan na da, waɗanda suka yi imani cewa a ƙarshen kaka matattu da iskokai suna kusantar masu rai, daga baya ya haɗu da jajiberin ranar waliyyai ta Kiristoci da ake yi 1 ga Nuwamba, shi yasa ya tsaya a 31 ga Oktoba, 'yan Ailan da suka yi hijira a ƙarni na 19 su suka kai shi Amurka. Saboda wannan asalin malamai da dama suna hana musulmi shiga shagalinsa, akwai ma Kiristocin da basa yi. Ka kai wa malamin da ka yarda da iliminsa bayanin yadda na zayyana maka, da asalin da kuma abin da ake yi a wajen yanzu, ka ji ta bakinsa kafin ka sayi tikiti don yawanci ba a mayar da kuɗinsa.