Muryar Kawu a kan filayen gwamnati da batun sabon kundin tsarin mulki

(An rubuta muryar da Kawu ya turo zaure jiya da daddare, saboda waɗanda ta ƙi buɗe musu.)

Assalamu alaikum jama'ar zaure, barkanmu da dare. Ɗana, na saurari tambayarka. Ka ce ka ji a Kenya sun yi sabon kundin tsarin mulki har sun sa batun ƙwato filayen gwamnati da manya suka rabe, to mu ma in aka yi mana sabo, filayen makarantu da maƙabartu da aka yayyanka a Kano za su dawo? Ka ba ni aron hankalinka, zan ɗan ja maganar. Mai ƙarancin data ya yi haƙuri.

Abin da ka ji gaskiya ne, amma rabin labarin aka ba ka. A 2003, bayan Mwai Kibaki ya hau mulki, ya kafa kwamitin bincike ƙarƙashin wani lauya mai suna Paul Ndung'u. A 2004 suka miƙa rahoto. Suka ce takardun mallaka kusan 200,000 aka fitar ba bisa ƙa'ida ba tsakanin 1962 da 2002, mafi yawansu a zamanin Daniel arap Moi, kuma rabon yana ƙaruwa ne duk lokacin da zaɓe ya matso. Wannan kam ko ban yi bayani ba kun gane. Dajin gwamnati, gefen titi, filin makaranta, gidajen ma'aikata, har maƙabarta ba su bari ba. A kan dajin Karura da ke Nairobi ne aka fasa wa Wangari Maathai, wata mai fafutukar kare muhalli, kai a 1999, don kawai ta je dasa bishiya.

To rahoto ya fito, sai aka ajiye shi yana shan ƙura. Sai a 2010 aka yi ƙuri'ar raba gardama ranar 4 ga Agusta, kusan kashi 67 cikin ɗari suka amince, ranar 27 ga watan sabon kundi ya fara aiki. Kuma wallahi sun rubuta abu mai kyau. Sashe na 40 ya kare dukiyar kowa, amma ya ce kariyar ba ta shafi dukiyar da aka gano ta haramtacciyar hanya aka same ta ba. Sashe na 67 ya kafa hukumar filaye ta ƙasa mai zaman kanta. Wata doka ta 2012 ta ba hukumar shekara biyar ta bi rabon da aka yi a baya ta tantance.

Ka san me ya cinye shekarun? Rigima tsakanin hukumar da ma'aikatar filaye a kan wa ke da ikon me, wa zai riƙe fayil, wa zai sa hannu, har sai da Kotun Ƙoli ta raba musu aiki a 2015. Kafin a ankara 2017 ta zo, wa'adi ya cika, aiki bai kai ko'ina ba. A Janairun 2015 ɗin nan, ana cikin sabon kundi fa, 'yan sanda suka harba wa yaran firamaren Lang'ata hayaƙi mai sa hawaye saboda sun ture katangar da aka zagaye filin wasansu da ita. Inda kundin ya yi musu rana sosai shi ne a kotu. A 2023 Kotun Ƙolinsu ta yanke hukunci a kan wani fili na bakin teku a Mombasa, ta ce riƙe satifiket bai isa ba, sai an bi asalin takardar. In tun farko filin jama'a ne aka yanka ba bisa ƙa'ida ba, ko da kuɗinka ka saya takardarka ba ta tsaya ba. Shekara 13 kenan bayan kundin.

Yanzu mu dawo gida. Mu matsalarmu ba rashin iko ba ce, iko ne ya taru a hannu ɗaya. Dokar filaye ta 1978, wadda gwamnatin soja ta Obasanjo ta yi, ta damƙa duk ƙasar jiha a hannun gwamna, ta ce amana ce yake riƙe wa jama'a. Sashe na 28 ya ba shi damar soke takarda in maslahar jama'a ta buƙata, da sharaɗin a ba mutum sanarwa a rubuce, sashe na 29 kuma ya yi maganar diyya. Ka ga biron da ya bayar shi ne biron da zai karɓe. Wannan gwamna ya raba, na bayansa ya soke, na bayan na bayansa ya sake rabawa.

Mun gani da idonmu a Yunin 2023, da Gwamna Abba Kabir Yusuf ya fara rusau: shagunan Filin Idi, gine-ginen tsohon otal ɗin Daula, da sauransu. Ni a ra'ayina, kuma na san a zauren nan akwai masu jar hula akwai waɗanda ba sa sawa, kowa ya riƙe tasa, ni dai ban taɓa yarda a kafa shago a filin idi ba. Amma da katafila ta riga takarda isa wurin, me ya biyo baya? Masu shaguna suka tafi Babbar Kotun Tarayya, ta ce a biya su Naira biliyan 30, daga baya aka yi sulhu a kan biliyan 3. Daga aljihun wa za a biya? Baitulmali, wato ni da kai.

Bari in gaya maka yadda ake cin filin nan, don na daɗe a aikin safiyo kafin in yi ritaya. In aka zana sabuwar unguwa, a jikin taswirar za ka ga an bar wuri an rubuta makaranta, nan asibiti, nan kasuwa, nan filin wasa. Ba a taɓa shi da farko. Sai an cika unguwa, fili ya yi daraja, sai wata 'yar wasiƙa ta shiga fayil cewa an canza amfanin wurin. A yanko fuloti shida ko takwas daga gefe, a kafa duwatsun shaida, a sa sunayen da ba wanda ya san su a unguwar. Kafin wata guda dillali ya sayar, wanda ya saya ya sake sayarwa. Ranar da za a zo rusau, wanda za a tarar a wurin ɗan kasuwa ne da ya haɗa jarinsa, ko matar da ta zuba gadon marayunta. Wanda ya sa hannu a wasiƙar yana gidansa yana shan shayi. Kududdufai kuwa ba a ma wahalar da kai da wasiƙa: a fara zuba shara, a bi da tifar ƙasa, a wayi gari an ja harsashi. Damina ta zo ruwa ya rasa gidansa ya shigo namu. Badala ma haka aka yi ta gutsurarta.

Saboda haka in za a taɓa kundi, ni abin da zan roƙa a cire wa gwamna ikon yanka filin jama'a shi kaɗai, a buɗe rajistar filaye kowa ya iya dubawa, sannan a ɗauko jimlar nan ta Kenya a sa. Amma kada a tsaya nan kamar yadda suka yi. A rubuta cewa jami'in da ya sa hannu shi zai biya wanda aka yaudara ya saya, daga dukiyarsa. Ranar da aka sayar da gidan darakta guda aka biya marayu, wasiƙun nan za su ragu da kansu.

Sai dai kada ka ɗauka abu ne mai sauƙi. An ɗaure dokar 1978 a cikin kundin 1999, sashe na 315, ba ta gyaruwa sai da kashi biyu cikin uku na majalisar tarayya da amincewar majalisun jihohi 24. Majalisun jihohin kuma ka san a hannun wa suke. Marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa ya kafa kwamitin gyaran harkar filaye a 2009 ƙarƙashin Farfesa Akin Mabogunje, har yau dokar tana nan yadda take.

Filin firamaren unguwarku da ka ce an fara sauke bulo a gefensa, kada ku jira Abuja. Ku haɗa kwamitin iyayen yara da mai unguwa, ku nemi taswirar unguwar ta asali a KNUPDA, hukumar tsara birane ta Kano, ku je KANGIS, hukumar da ke riƙe bayanan filaye, a duba sunan da ke kan fulotin. Ku rubuta koke, a buga muku hatimin karɓa a kan kwafinku, ku ɗauki hoton wurin da kwanan wata. In aikin bai tsaya ba ku sami lauya ya nemo umarnin kotu tun ginin bai kai linta ba, don in aka rufa kwano aka sa 'yan haya, shari'ar ta zama wata daban. In kun samo taswirar ka turo min hotonta ta lambata in duba muku. Wassalamu alaikum.