Waya ɗaya da yara sittin: amsa ga Malama

Wa alaikumus salam, Malama. Kin tambaya ko waya za ta taimaka wajen koya wa 'yan aji ɗaya zuwa uku darasin zama ɗan ƙasa nagari, alhali yaranki sun haura sittin, wuta kuma sai ta ga dama. Za ta taimaka ƙwarai, in dai yaran ne ke taɓa ta. Da farko bidiyo nake kunna musu a nan Yauri, su yi tsit kamar ruwa ya ci su, in ya ƙare in tambaya, ba mai amsa.

Ranar da abin ya sauya, hoton tambarin Najeriya na sa a wayar. Na riƙa kiran su biyar-biyar, kowa ya sa yatsu biyu ya buɗe hoton da kansa. Na nuna farin zanen nan mai rassa biyu, na ce kogin Kwara ne da Binuwai, a Lokoja suka haɗu. Sai wata 'yar masunta ta zaro ido ta ce, "Malama, Kwaran da Baba yake su?" Na ce shi ne. Aji ya kaure da murna, ashe kogin garinsu yana jikin tambarin ƙasa! Ta nan na shigo da dawakan biyu da jar mikiyar. Da muka zo kan tuta ma, gonar shinkafa na ɗauko musu hotonta a fadama, kafin in ce kore noma ne, fari zaman lafiya.

Suna son jin muryarsu fiye da komai. Ina naɗar su suna rera taken ƙasa, in kunna, su gyara wa juna. Ki lura dai, a watan Mayun 2024 aka koma tsohon take, kada ki sauko da wanda aka daina.

Abin da ban zata ba, layin karɓar wayar shi kansa ya zama darasi. Wanda ya yi ture ya koma baya, su suka kafa wannan doka ta hanyar ɗaga hannu, muka ƙirga tare. Daga baya haka suka zaɓi monita, wanda ya faɗi ya miƙa wa mai nasara hannu yana share hawaye.

Akwai manhajar Nigeria Learning Passport da Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya da UNICEF suka ƙaddamar a 2022, ki duba ta tun a gida ki zaɓi abin da ya dace da ajinki. Bayani kuwa da Hausa nake yi. Ki nemi ƙaramar lasifika mai caji, minti goma sha biyar ya isa, sauran lokacin a koma allo. Hoton yara kuma, don Allah kada ya shiga Facebook sai da yardar iyayensu.

In kina son hotunan da nake amfani da su, ki yi magana in turo miki. Allah ya taimaka.