Tambaya da Amsa: Tarakta ta samu matsala cikin garanti, dila sai "gobe" yake ce min

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam. Ni manomi ne a nan Tahoua, ina da garkar albasa wajen Tabalak da gonar hatsi. Bara bayan kaka muka haɗa kuɗi da ƙanena muka sayi ƙaramar tarakta sabuwa dal hannun wani dila a Yamai, ya ce garanti shekara guda ko awa 1000. Yanzu wata bakwai, kwantar, wato agogon ƙirga awoyin aiki, tana nuna awa 310, sai hannun baya mai ɗaga garma ya fara sanyi, da safe ya ɗaga lafiya lau amma da mai ya yi zafi shi ke nan sai ya ƙi. Duk sanda na buga mishi waya sai ya ce gobe, daga baya ma ya ce wai in ɗoro ta a kamiyo in kai Yamai da kuɗina, kuma wai ƙila laifina ne. Makanisiyan unguwarmu ya ce pompon da ke tura mai ya ɗaga hannun ne, in bari ya buɗe. Ga damina ta kawo jiki. Ya zan yi?

Manomi daga Tahoua

AMSA

Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya kawo mafita. Don Allah kar ka bari kowa ya sa kile a jikin pompon nan tukuna. Na san makanisiyan naku da kyakkyawar niyya ya faɗa, ƙila ma ya gano ciwon daidai, amma ranar da aka ga an kwance noti guda ba da izinin dila ba, ka miƙa mishi hujjar da zai ce garanti ya faɗi, kuma yawancin takardun garanti haka suka rubuta ƙarara.

Abin da za ka iya dubawa da kanka shi ne abin da littafin taraktar ya bar wa mai ita: ka tsayar da ita a wuri mai daidai, ka sauke garma ƙasa, ka zaro sandar awon mai ka gani ko ya ragu ko yana kumfa. A yawancin ƙananan taraktoci man giya shi ne dai man da pompo ke turawa ya ɗaga hannun baya, to in ya yi ƙasa ko filtir ya toshe za ka ga irin wannan sanyin. In mai ya cika, filtir ba daɗewa aka canja shi, kuma sai ta yi zafi take gazawa, galibi pompo ne ya ci ko mai yana zurarewa ta ciki, wannan kuwa a awa 310 ba tsufa ba ne.

Yanzu ka ɗauko takardunka. Faktir ɗin saye, takardar garanti, da shaidar bidanj, wato canjin mai, musamman na farko da ake yi wajen awa 50, don nan dilaye suka fi kama mutane. In an yi shi kuma da irin man da littafi ya ce, to zancen "laifinka ne" ba shi da ƙafa. Ka karanta takardar da kyau ko ka samu mai jin Faransanci ya karanta ma: kayan da ke cinyewa da aiki kamar filtir, bel da taya ba sa shiga garanti, pompo kuwa yana shiga. Kuɗin ɗauko tarakta ma sau da yawa kan mai ita yake, gaskiya ce mai ɗaci amma gara ka sani. Sai dai Tahoua zuwa Yamai ya haura kilomita 500, a ganina rashin tausayi ne a ce manomi ya yi hayar kamiyo saboda pompon da mutum ɗaya zai riƙo a jaka ya shigo motar fasinja. Ka ce ya turo makanisiyansa, ko da kai za ka ɗauki kuɗin mota da abincinsa, ya fi ma sauƙi nesa ba kusa ba.

Sannan ka daina magana ta baki kawai. Ka ɗauki bidiyo taraktar tana aiki, a ga kwantar, a ga lambar da ke kan farantin jikinta, a ga hannun yana ƙin ɗagawa, ka tura mishi ta WhatsApp, ka bi da wasiƙa mai kwanan wata, a kai ofis ɗinsu a buga ma tampo kan kwafi ɗinka. Muhimmancin wannan shi ne ya tabbata ka kai kuka tun garanti na da rai, ko an ja ka har shekara ta cika haƙƙinka na nan. Kuma abin da mutane da yawa ba su sani ba, in dila na gaske ne mai wakiltar kamfani, ba daga aljihunsa piyas ɗin, wato kayan gyaran, ke fita ba, dosiye yake haɗawa ya tura wa kamfanin su biya shi, to in ka kawo mishi lamba da awa da bidiyo ka rage mishi aiki. Ka yi mishi magana da mutunci amma ka sa rana, kwana goma misali. Ai kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi mishi aski.

In ya ce piyas sai an yi oda daga waje, ka nemi ya rubuta ma ranar zuwanta, ko ya ba ka izini a rubuce makanisiyan Tahoua ya yi gyaran shi ya ba da kaya, kuma a adana tsohon pompon don kamfani kan nema.

In ranar ta wuce shiru, ka rubuta wa kamfanin ko babban wakilinsu kai tsaye, ka leƙa Chambre Régionale d'Agriculture ta Tahoua, wato majalisar manoma ta jihar, su ba ka shawara, daga nan sai wisiye, wato jami'in da ke isar da takardun shari'a, ya kai mishi takardar gargaɗi, mutane da yawa a nan suke miƙewa. Kotun kasuwanci tana nan a Yamai in ta kai ga haka, amma ba na ma fatan nan. Kafin nan kar ka ci gaba da tilasta mata aiki da hannun yana sanyi, ka yi magana da mai garmar shanu tun yanzu kar ruwan shuka ya same ka kana jiran gobe.