Amsa ga mai tambayar ƙugiyar makullai

Assalamu alaikum. Ɗan uwa, da na karanta tambayarka sai da na ajiye wayar na yi shiru, don abin da ya same ka ya taɓa samu na. Ka ce ƙugiyar da kake rataya makullanka ta buɗe sau biyu kana kan mashin, Allah ya taimake ka ka tsince su, shi ne kake neman a faɗa maka wadda ta fi ƙarko. Ka gode wa Allah. Ni nawa har yau ban gan su ba.

Wata Asabar ce cikin hunturu, na je ɗaurin aure Kumo, na juyo da sauri don in buɗe shago kafin azahar. Ina isa babbar kasuwa na kai hannu ƙugu, sai na ji ƙugiyar tana nan a kunnen wando, amma fayau. Bakinta ya saki yana lilo, zoben makullan babu. Makulli bakwai: uku na shago, biyu na gida, biyu na siton maigidana da ya ba ni amana. Na koma kan hanya ina tafiya a hankali kamar mai koyon tuƙi, ina leƙen gefen titi, duk murfin kwalbar da ya yi ƙyalli sai na tsaya. Da la'asar na haƙura na kira mai walda, ga shi babu wuta, sai da aka jawo janareta aka yanke kwaɗo uku, maƙwabta sun kewaye ni kowa da tasa shawarar.

Duk wannan bai dame ni ba kamar abin da maigidan ya yi. Bai yi faɗa ba. Washegari kawai ya sa aka canza kwaɗon siton, sannan ya sa yara suka ƙirga kaya buhu-buhu a gabana. Shekara shida ina tare da shi, ko allura ba ta taɓa ɓata ba. Komai ya cika cif, amma sabon makullin bai ba ni ba sai bayan wata biyu. Wallahi ko yanzu na tuna tsayuwar da na yi a ƙofar siton nan, sai in ji maƙogwarona ya ɗaure.

Shi kuwa wanda ya sayar min da ƙugiyar a bakin tasha, Allah ya shirye shi. Rantsuwa ya yi min cewa ko saniya na ɗaure da ita ba za ta ɓalle ba. Da na koma masa, sai ya ce ai ni ne na cika mata kaya. Sai daga baya wani ƙanena ya nuna min ɗan rubutun Turanci a jikinta, wai ba ta hawa ba ce, wato ba a yi ta don ɗaukar nauyin mutum ba. Ashe su kansu masu yin ta sun faɗi gaskiya, ɗan uwanmu ne ya ɓoye.

To ka ji abin da na koya. Jikin ƙugiya ba ya karyewa saboda makullai, makullai nawa suke da nauyi? Bakin ne matsala. Waɗannan masu launi-launi, sifirin ɗin cikinsu ɗan siriri ne, ƙusar da ke riƙe bakin kuma tana gajiya, sai ka zauna a mashin ko ka jingina da kujerar Keke, bakin ya danne, zobe ya zame ba ka ji ba. Ka nemi mai murɗi, wadda in ka rufe sai ka murɗa wani ɗan zobe ya hau bakin ya kulle shi. Kafin ka biya, ka danna bakin ka sake kamar sau goma, ka ji yana komawa da ƙarfi yana ƙas. Ka kuma girgiza shi gefe da gefe, in yana wasa ka ajiye masa abarsa.

Wadda nake riƙe da ita yanzu, wajen wani mai hawa ƙarfen sabis na samo ta. Irin tasu za ka ga an buga lamba a jikin ƙarfen, kamar 22 ko 24 da harafin kN a gefe. Kowane ɗaya na wannan ma'auni kusan nauyin kilo 100 ne, ka ga mai 22 ta haura tan 2. Kamfanoni irin su Petzl na Faransa da Black Diamond na Amurka su ne sanannu. Gaskiya ta fi ƙarfin makullai, kuma tana da ɗan girma, amma wanda maciji ya sara in ya ga tsumma gudu yake. In ba ka samu irinta ba, ƙaramar mai murɗi ta ƙarfen da ba ya tsatsa ta ishe ka. Ta alminiyum ba ta da nauyi, sai dai zoben ƙarfe yana cin ta a hankali, za ka ga ya yi mata gurbi.

Kuma don Allah kar ka haɗa makullin mashin da sauran. Nauyin tarin yana lilo a bakin makunni, yana lalata shi. Kar ka zuba wa ƙugiyar baƙin mai in ta fara cijewa, ƙurar hunturu za ta manne ta zama laka. Ka wanke ta, ta bushe, ka goga mata bakin fensir. Ka duba ɗinkin kunnen wandon ma, don wani abokina ƙugiyarsa lafiya lau, kunnen ne ya tsinke ya tafi da komai. Ranar da na sa manyan kaya kuwa, tela na sa ya ɗinka min ɗan madauki a cikin aljihun, nan nake maƙala ta.

Ka je yau ɗin nan a yanka maka na biyun kowane makulli ka ba uwargida ta adana. Makullin amanar wani kuma ka raba shi da naka, ni na siton yanzu a igiya yake a wuyana cikin riga.