Ɓaraguzan tsohon kankare a cikin sabon kwaɓi, zai rage ƙarfi?

Tambaya: Assalamu alaikum injiniya, mun rushe wani tsohon gini ne ɓaraguzan kankare sun taru tuli guda, birkilana ya ce a farfasa su a sa a madadin tsakuwa. Don Allah ba zai rage wa sabon ginin ƙarfi ba?

Amsa: Wa alaikumus salam malam. Eh zai iya ragewa, amma ya danganta da yawan da aka zuba da kuma inda za a zuba kankaren.

Ka ɗauki guda ɗaya daga cikin wanda aka farfasa ka duba da kyau, za ka ga tsakuwa ce a tsakiya amma tsohon siminti da yashi sun manne mata kamar ɓawo, to wannan ɓawon shi ne matsalar. Cike yake da ƙananan ƙofofi, in ka jefa busasshe a bokitin ruwa har 'yan kumfa za ka ga suna tasowa. Tsakuwar dutse ba ta cika shan ruwa sama da kashi 1 ko 2 cikin 100 na nauyinta ba, ita wannan kuwa takan sha kashi 3 zuwa 8, shi ya sa da an kwaɓa sai kwaɓin ya yi tauri nan da nan, leburori su ga shebur ba ya shiga sai su ƙara ruwa, kuma wallahi wannan ƙarin ruwan ya fi ɓaraguzan kansu kashe ƙarfin kankare. Maganinsa a jiƙa su tun jajibiri, a bari su tsane kafin a kwaɓa.

In ɓaraguzan masu tsabta ne kuma ba su wuce kashi 20 zuwa 30 na tsakuwar ba, da kyar za ka ga bambanci, ƙa'idar Birtaniya ma wato BS 8500 kashi 20 ta yarda da shi a kankare na yau da kullum. In kuwa da su zalla aka kwaɓa ƙarfin kan sauka da kashi 10 zuwa 25, kuma yakan fi tsukewa in yana bushewa, nan tsagewa take farawa, dekin kuma ya riƙa lotsawa sannu a hankali.

In an tankaɗe ɓaraguzan, garin da ya faɗo ƙasan rariya kar ka sa shi a madadin yashi, ya fi shan ruwa. A tsince katako da kwalta da fasassun bulo, musamman filastar jifsam, wato farar filastar nan ta POP, don tana kumbura kankare daga baya. Wanda gishiri ya taɓa shiga ma a bar shi, rodi yake sa wa tsatsa.

Ni dai a ciko da daɓen ƙasa ina amfani da su hankalina kwance. Fila da bim da dekin kuwa, rayukan mutane ne a ƙarƙashinsu, ba na yarda sai an zuba samfuri an kai ɗakin gwaji an matse shi a kwana 28 na ga sakamakon da idona.